Likitan da Ya Yi Kuskure Biyu Ya Ci Jarrabawa

Mai karatu, a ce kai alƙali ne, aka gurfanar da mutum biyu a gabanka. Na farko ya yi awo tsaf, bai kauce ko da ƙiris ba, amma da aka tambaye shi ma'anar abin da ya auna sai ya ba da amsar da ba ita ba. Na biyu ya yi kuskure a awon farko, ya ƙara wani a na biyu, amma amsar da ta fito daga bakinsa ita ake koya wa ɗaliban likitanci yau, daga Zariya har Tokyo. Wa za ka ba gaskiya? Kada ka yi gaggawar yanke hukunci, don ba ni na ƙirƙiro su ba. A shekara ɗaya suka yi aikinsu, 1925, kuma abu ɗaya suka sa a gaba: jini.

Ga abin da ya hana su barci. Jikinka ƙwayoyin halitta ne jingim, kowacce da tantanin da ya lulluɓe ta, kamar wanda ke riƙe gwaiduwar ƙwai kada ta watse. Shi ne mai gadi, shi ke cewa wannan ya shiga, wancan ya tsaya a waje. Sai dai siririntarsa ta wuce misali. Sai ka jibga irinsa sama da dubu goma kafin ka kai kaurin takardar da ke hannunka. A 1925 babu madubin likitan da zai nuna shi. Wani masani a Zurich, Ernest Overton, ya lura tun kafin 1900 cewa duk abin da ke narkewa a mai ya fi saurin kutsawa cikin ƙwayar halitta, don haka ya yi zargin tantanin maiƙo ne. Amma zargi ne kawai. To yaya za ka auna abin da ido bai taɓa gani ba?

Amsar daga wurin wanke-wanke ta fito.

Kafin mu je can, mu ɗan biya ta bakin wani tafki a Clapham da ke Landan. A nan Benjamin Franklin, mutumin da hotonsa ke jikin dala ɗari, ya zuba mai cokalin shayi guda a kan ruwa wata rana ana iska. Man ya bazu, ya kwantar da igiyar ruwan wajen rabin eka, wurin ya koma sumul kamar madubi. Abin ya burge shi har ya riƙa yawo da mai a cikin ramin sandarsa ta gora, duk inda ya ga ruwa ya gwada. Ya rubuta labarin aka buga a 1774. Da ya raba yawan man da faɗin wurin da ya rufe, lissafin ɗan firamare, da ya san tsawon ɗan maiƙo guda, wato molekul ɗaya, shekara ɗari da ɗoriya kafin kowa. Bai raba ba. Ya ci gaba da yawo da sandarsa.

Agnes Pockels ba ta da sanda, ba ta da tafki. An haife ta a 1862, mahaifinta hafsan sojan Ostiriya ne da zazzaɓin cizon sauro ya nakasa, iyalin suka koma garin Braunschweig a Jamus. Yarinyar tana son ilimin fiziks kamar ranta, amma jami'o'in Jamus ba sa ɗaukar mata a wancan zamani. Ƙanenta Friedrich ne ya tafi jami'a a Göttingen. Ita aka bar wa jinyar iyaye da girki da wanke kwanuka, sai ɗan abin da ta tsinta a littattafan da yake kawo mata.

Ka taɓa tsayawa ka kalli ruwan wanke-wanke bayan an ci tuwo da miyar da ta ji man ja? Maiƙon na yawo a sama, ɗigo-ɗigo, yana haɗewa yana rabuwa, da sabulu ya taɓa shi sai ya tarwatse ya gudu gefen roba. Mu duka mun gani, mun zubar. Ita tun ba ta kai ashirin ba ta fara tambayar me ya sa.

Ta sami ɗan kwami na kwano, tsawonsa santimita 70, faɗinsa biyar, zurfinsa biyu. Ta cika shi da ruwa maƙil. Ta gitta wani siririn kwano a samansa, wanda take iya turawa gaba ko baya, ya share fuskar ruwan ko ya matse maiƙon da ke kai wuri guda. Sannan ta rataya wani ɗan faifai kamar maɓallin riga a jikin sikeli, ta sauke shi ya taɓa ruwan, tana auna ƙarfin da ake buƙata kafin ruwan ya sake shi. Da haka ta gano cewa in kana matse maiƙo a hankali, da farko ruwan ba ya nuna ya san ana yi, sai an kai wani wuri, nan take ƙarfin riƙonsa ya fara faɗuwa. A wurin nan ne 'ya'yan maiƙon suka haɗu kafaɗa da kafaɗa. Kusan shekara goma tana wannan awo tana rubutawa, masanan ƙasarta ba su nuna sun damu ba.

A 1890 wani babban masanin Ingila, Lord Rayleigh, ya yi lissafin da Franklin bai yi ba, da man zaitun, ya sami nanomita 1.6. Nanomita kuwa ita ce milimita ɗaya in an raba ta gida miliyan. Labari ya kai kunnen Agnes. Ran 10 ga Janairu, 1891, ta zauna ta rubuta masa wasiƙa da Jamusanci, ta zayyana kwaminta da abin da ta samu.

Yanzu ka sa kanka a matsayinsa, mai karatu. Kai basarake ne, sunanka ya zagaye duniya. Ga wasiƙa daga wata mata da ba ta da digiri, ba ta da ɗakin gwaji, kuma da ka karanta sai ka ga na'urarta ta kicin ta warware abin da kai kake ta fama da shi. Ba wanda ya san ta aiko. Ba wanda zai tambaya. Me za ka yi?

Rayleigh ya sa aka fassara wasiƙar, ya aika wa mujallar Nature, aka buga ta da sunanta ran 12 ga Maris, 1891. Daga baya Irving Langmuir na kamfanin General Electric a Amurka ya inganta kwamin, ya nuna a 1917 cewa 'ya'yan maiƙo tsaye suke a kan ruwa kamar ashana: kai yana son ruwa, yana ƙasa, wutsiya tana gudun ruwa, tana sama. A 1932 aka ba shi kyautar Nobel. A shekarar ce kuma aka ba Agnes digirin girmamawa, tana da shekara 70, saura mata shekara uku a duniya. Kwamin kuwa, in ka shiga ɗakin gwaji yau ka tambaya, yawanci kwamin Langmuir za a ce maka. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Wannan kwami ne ya faɗo hannun mutuminmu na biyu. Evert Gorter likitan yara ne, farfesa a Leiden ta ƙasar Holan, yana da mataimaki mai suna François Grendel. Dabarar da suka yi, wallahi sai ka sara musu. Suka zaɓi jajayen ƙwayoyin jini, domin a jikin mutum da sauran dabbobi masu shayarwa waɗannan ƙwayoyi buhu ne kawai, babu cibiya a ciki, babu wasu ɗakuna masu nasu tantanin. Duk maiƙon da ka tatso, daga fatar buhun ya fito.

Suka ɗebi jini, suka wanke ƙwayoyin, suka ƙirga yawansu. Suka shafa jinin a gilashi suka auna faɗin ƙwaya guda a madubi. Sannan suka jiƙa sauran da asiton, ruwan nan da ake goge jan farce da shi, ya tsotso maiƙon. Suka baza maiƙon a kan ruwan kwami, suka tura shingen a hankali har 'ya'yan suka haɗu, suka auna filin da suka rufe.

A jinin mutum mililita ɗaya, fatar ƙwayoyin gaba ɗaya ta ba su murabba'in mita 0.47. Maiƙon da suka tatso ya rufe 0.92. Raba ka gani. Biyu! Suka gwada jinin kare, biyu. Tunkiya, zomo, akuya, ɓeran Masar, duk wajen biyu. Suka ce ashe tantanin ruɓi biyu ne: shimfiɗa ɗaya kawunanta na kallon ruwan waje, ɗaya na kallon ruwan ciki, wutsiyoyi sun haɗu a tsakiya sun ɓuya. Takardar tasu ta fito a 1925, 'yar gajeruwa, shafuka kaɗan.

Tsakani da Allah, in kai ne, lamba ta fito maka fes haka, jinin halittu shida duk bakinsu ɗaya, za ka koma ka ce bari in bincika ko na yi kuskure? Wa ke komawa ya ƙirga kuɗi bayan lissafi ya cika?

A wannan shekara dai, can a Cleveland ta Amurka, mutuminmu na farko yana nasa. Hugo Fricke, masanin fiziks haifaffen Denmak, ya bi da wutar lantarki ta cikin jinin kare. Tantani yana riƙe caji, kuma gwargwadon siririntarsa gwargwadon abin da zai riƙe. Daga nan ya lissafo kaurinsa: nanomita 3.3. Lambar nan ta yi kyau ƙwarai, har yau ba ta da nisa da abin da na'urorin zamani ke bayarwa. Sai ya dubi lambar ya ce wannan ai shimfiɗa ɗaya ce. Abin da ya kuɓuce masa shi ne wutar tasa tsakiyar tantanin kaɗai ta gani, inda wutsiyoyin ɓangarorin biyu suka cuɗanya. Gaskiya na tafin hannunsa, ya kira ta da sunan da ba nata ba.

Gardama ta ci gaba. A 1938 wasu masana biyu a Faransa suka maimaita gwajin kwamin, suka sami ɗaya maimakon biyu. Gorter ya rasu a 1954. 'Yan shekaru bayan nan madubi mai aiki da lantarki ya fara nuna tantanin a hoto, layi biyu baƙaƙe da fili a tsakani, kamar titin jirgin ƙasa. Alamu suka yi ta taruwa a bayan likitan yaran. Sai a 1966, shekara 41 bayan takardarsa, wasu mutum uku a Jami'ar Jihar Ohio, Robert Bar da David Deamer da David Cornwell, suka sake aikin daga tushe da kayan zamaninsu, suka buga a mujallar Science. A nan asiri ya tonu.

Asiton ba ya kwaso maiƙon duka, yana barin kaso mai kauri a baya. Kuskure na ɗaya ke nan: abin da Gorter ya baza a kwami bai cika ba. Sannan ƙwayoyin da ya auna busassu ne a kan gilashi, sun motse kamar kauɗar tumatir. Ya ba ƙwayar mutum murabba'in maikromita 99, alhali mai rai tana kai wajen 140. Kuskure na biyu. Filin maiƙon ya ragu, faɗin fatar ƙwayoyin ma ya ragu, kusan da gwargwado ɗaya.

Ka ɗauka wurin ɗaurin aure ne. Aka ce ka ƙirga goro, ka ƙirga 200, ba ka ga guda ɗari da suka maƙale a gindin huhu ba. Aka ce ka ƙirga mutane, ka ƙirga ɗari da ke kan tabarmi, ka manta da hamsin da ke tsaye a bayan rumfa. Ka miƙe ka sanar cewa kowa zai sami biyu-biyu. Aka zazzage huhu, na bayan rumfa suka matso, aka raba 300 ga mutum 150. Kowa ya sami biyu. Jama'a suka ce kai, yaron nan akwai lissafi!

Dalilin da ya sa halittu shida suka yarda da juna ma ke nan. Ba shaidu shida ba ne, shaida ɗaya ce aka maimaita sau shida, da asiton ɗaya da busasshen gilashi ɗaya. Mutanen Ohio sun ƙara nuna wani abu mai ɗaure kai: amsar ta danganta da yadda ka matse shingen. In ka tsaya da zarar 'ya'yan maiƙon sun fara taɓa juna, biyu za ka samu. In ka danna har shimfiɗar ta kusa karyewa, sai lambar ta gangaro wajen ɗaya. Ga kuma furotin da ke zaune a cikin tantanin suna cin nasu filin, waɗanda Gorter bai sa a lissafi ba sam.

To sa'a ce kawai? Ni dai ban yarda duka sa'a ba ce. Gorter ya san darasin Langmuir. In ruwa na ciki, ruwa na waje, ina wutsiyar da ke gudun ruwa za ta sa kanta in ba a jikin 'yar'uwarta ba? Hankali ya riga ya nuna biyu, kwami ya zo ya sa hannu. Abin da ke ba ni tsoro shi ne, da tunanin nasa karkatacce ne, kuma lambar ta fito fes haka, da irin wannan natsuwar zai buga ta.

Ka ce labari ya ƙare? Ai ƙwayar jinin nan ba ta gama da masana ba.

Duk wanda ya buɗe littafin bayoloji ya san zanen: ashana a sama, ashana a ƙasa, iri ɗaya, adadi ɗaya, kamar sahu biyu na masu fareti. A 1972 Mark Bretscher a Kambirij ya ce ba iri ɗaya ba ne. Shekara guda bayan haka wasu masana a Utrecht, Holan ɗin dai, suka tabbatar da dabarar da za ta sa gashin jikinka ya tashi. Suka ɗauko sinadarin da ke cikin dafin gamsheƙa mai narka maiƙo, da wasu irinsa, suka saka wa ƙwayoyin jini. Sinadarin ba ya iya shiga ciki, don haka abin da ke waje kaɗai zai ci. Duk abin da ya ci na waje ne, abin da ya tsira na ciki ne. Sai ga shi kowane ɓangare da mutanensa.

Akwai ɗaya da ake kira fosfatidilsirin. A ƙwaya mai lafiya, ciki yake zaune kamar amarya a lalle. In ya kuskura ya leƙo waje, akwai furotin masu gadi da ke kama shi su mayar, kuma ƙwayar na kashe kuzari a kan wannan aiki dare da rana. Me ya sa? Domin fitowarsa sanarwa ce. Ƙwayoyin da ke share jiki suna ganinsa a waje sai su gane wannan ta tsufa ko ta mutu, su haɗiye ta. Jar ƙwayar jini kwana 120 take yi, kuma a kowace daƙiƙa jikinka na sallamar sama da miliyan biyu, yana ƙera wasu. Fosfatidilsirin ɗin ne kuma ke ba jini dandalin daskarewa in ka yanke.

Nan ne labarin ya iso ƙofar gidanmu. A jikin mai cutar sikila, wadda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da ita, ƙwayar da ke lanƙwashewa tana miƙewa tana wahalar da tantaninta, har wani kaso na ƙwayoyin su fito da fosfatidilsirin tun lokacinsu bai yi ba. Wannan na cikin abin da ke sa su manne wa bangon jijiya, jinin ya yi saurin daskarewa, masu shara kuma su kwashe su da wuri. Ƙwayar sikila kwana goma zuwa ashirin take yi. Uwar da ta kwana a zaune tana danna wa ɗanta ƙafa, wani yanki na abin da take faɗa da shi yana faruwa ne a tsakanin shimfiɗu biyun da Gorter ya lissafo bisa kuskure.

Amma ko bayan an yarda mazauna ɓangarorin sun bambanta, kusan kowa ya ci gaba da ɗauka cewa yawansu ɗaya ne. Ai dole, in ji hankali. In shimfiɗa ɗaya ta fi ɗaya yawa, buhun ba zai murɗe ya fashe ba? Wa zai ɓata lokacinsa ya ƙirga?

A 2025, shekara ɗari cif bayan takardar Leiden, Milka Doktorova da abokan aikinta a ɗakin gwajin Ilya Levental da Kandice Levental na Jami'ar Bajiniya suka buga ƙirgarsu a mujallar Cell. Jar ƙwayar jinin mutum suka koma wa, ita dai. Suka saka mata sinadarai masu cin maiƙon waje, irin dabarar Utrecht, sai dai yanzu akwai na'urar da ke tantance ɗaruruwan nau'in maiƙo ta nauyinsu. Abin da suka ba da rahoto shi ne fosfolifid, wato ashanun nan masu kai da wutsiya, sun fi yawa a shimfiɗar ciki da sama da kashi 50 cikin ɗari. Sahun waje da giɓi. Me ya cike giɓin? Kolesterol, wanda likita ke yi maka faɗa a kansa. Shi ɗan ƙarami ne, yana tsallakawa daga wannan ɓangare zuwa wancan cikin ƙiftawar ido, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na 'ya'yan maiƙon tantanin shi ne. A cewarsu, a waje ya fi taruwa, yana toshe gurbin kamar tsumma a ɓular tulu.

Ba kowa ya sa hannu ba. Inda kolesterol ya fi zama tsohuwar rigima ce. A 2017 wata ƙungiya ta auna ta ce waje, da rata mai yawa. Shekara guda bayan nan wata ta auna da nata kayan ta ce ciki, wajen kashi 80. Kowacce da na'urarta, kowacce da lambarta fes. A cikinsu akwai Fricke, akwai Gorter, wataƙila akwai wanda asiton ɗinsa ke barin rabi a gindin kwalba bai sani ba. Ga su nan a gabanka, mai karatu, kai ne alƙali. Wa za ka fara kira?